Ƙananan ƙungiyoyin da suka fi wahalar ɗaga kofi a gem ɗin College Football: tambayoyi da amsoshi

Tun da na fara buga College Football 25 abokaina na gidan gem suke damuna da tambayoyi, wasu don suna so su gwada wasu kuma don tsokana kawai, wai na bar FIFA na koma gem ɗin ƙatti masu hular kwano. Na gaji da maimaita magana ɗaya kullum shi ya sa na tattara tambayoyin nan wuri guda. Mafi yawa ra'ayina ne daga abun da na gani da idona, wanda ya buga ya ga saɓanin haka toh ba faɗa.

Wai wane gem ne ma wannan, kuma me ya kawo maganar ƙananan makarantu?

Gem ne na ƙwallon Amurka amma na jami'o'i, EA Sports ke yin shi. Da can sunanshi NCAA Football, na ƙarshe ya fito a 2013 wato NCAA Football 14, daga nan aka daina saboda shari'ar amfani da kamannin ɗalibai 'yan wasa ba tare da an biya su ba. Shekara 11 shiru, sai watan Yulin 2024 ya dawo da sunan College Football 25 a PS5 da Xbox Series, da ƙungiya 134. Na 26 ya zo a Yulin 2025 da 136 don an ƙara Delaware da Missouri State.

Inda ake maganar ƙananan makarantu shi ne ɓangaren Dynasty, can kake zama koci ka yi zawarcin yara daga sakandare ka gina ƙungiya har kaka 30 in kana da haƙuri. Kamar dai ka ɗauki ƙaramin kulob na can ƙasan Ingila a FIFA ka ce sai ka ci kofin zakarun Turai da shi. Sai dai a nan ba kasuwa da za ka tara kuɗi ka sayi tauraro, yaro sai ya ga dama zai zo, kuma in ya daɗe ya yi shekara huɗu ko biyar ya gama karatu ya tafi.

Toh kai tsaye, wacce ce ta fi wahala?

In na 25 kake bugawa UMass ce, ban ma tsaya dogon tunani ba. In na 26 ne zan ce Kent State da Akron, sai Hawaii tana bin su da irin nata ciwon.

Dalilin UMass: a kakar 2024 ba ta cikin kowane rukuni (gungun makarantun da ke karawa da juna kamar lig), 'yar-ba-ruwana ce tun 2016, haka gem ɗin ya ajiye ta. Shi kuma gasar sili-ɗaya-ƙwale ta ƙarshen kaka ƙungiya 12 ce, biyar zakarun rukuni ne da suka fi matsayi, bakwai kuma zaɓo su ake yi daga saman jadawali. Kaga wanda ba shi da rukuni an rufe mishi ƙofa ɗaya tun kafin a hura usur, sai dai ya kutsa cikin bakwai ɗin nan inda su Ohio State da Texas da Alabama ke cunkushe. Notre Dame ma ba ta da rukuni amma ita suna ke mata aiki, UMass fa wa ya san ta? Ga yankinsu na New England ba ya fitar da yara masu kyau da yawa, ga fili mai ɗaukar mutum wajen 17,000. A 2025 sun koma rukunin MAC, don haka a na 26 abun ya ɗan yi sauƙi, aƙalla akwai kofin rukuni da za ka hara.

Amma yaya, kowa cewa yake Kennesaw State ce ta fi kowa rauni, ya ka tsallake ta?

Ban tsallake ta ba, mutane ne ke haɗa rauni da wahala alhali ba abu ɗaya ba ne. Gaskiya ne ranar farko in ka buɗe jerin 'yan wasan Kennesaw sai gabanka ya faɗi, makarantar da sai 2015 ta fara ƙwallon ma, 2024 ta shigo babban mataki, filinta ɗan mutum 10,000 da 'yan kai, a zahiri ma wasa 2 suka ci suka sha kashi 10 a kakarsu ta farko. Ba tarihi ba suna ba komai.

Amma duba inda take zaune. Bayan garin Atlanta take a jihar Jojiya, ita kuma Jojiya tana cikin wuraren da suka fi ko'ina fitar da yara, su da Teksas da Fulorida da Kalifoniya. Da taurari ake auna ƙwarewar yaro, biyar ne ƙololuwa, manyan makarantu suna zuwa su kwashi masu tauraro biyar da huɗu su bar tarin masu tauraro uku ba wanda ya ko kalle su, kai kuma ga ka a bakin ƙofa, yaron da ke son zama kusa da gida naka ne. Kaka biyu uku ka cika ƙungiya da masu gudu, Conference USA kuma ba wani rukuni ne mai tsauri ba. Wanda ya zauna bakin rijiya ko gugarshi ta yage ba zai kwana da ƙishi ba. Ni a wurina Kennesaw ta masu koyon wahala ce, daɗi gare ta sosai, amma ba ita ce ƙarshen azaba ba.

Ita Kent State ɗin fa me ya same ta?

Kent State a 2024 wasa 12 suka buga 12 suka sha kashi, Tennessee ta musu 71 da nema, Penn State 56 da nema. Rabonsu da kofin MAC tun 1972, lokacin Nick Saban yana ɗan wasansu, wannan Saban ɗin dai da ya zo ya mamaye ƙwallon jami'o'i da Alabama. Akron maƙwabciyarsu ce, 'yar tafiya ce tsakani, suna da hamayya kan wata tsohuwar ƙafar keken doki da suke ɗauka a matsayin kofi, ita ma kofin MAC ɗaya gare ta na 2005.

Matsalarsu cunkoso ne. Jihar Ohio tana da yara, ba laifi, amma makarantu takwas na babban mataki ke wawason su: Ohio State ta ɗebi na sama, Cincinnati ta bi, sannan shida na MAC su yi ta kokawa kan ragowar, ga Michigan da Penn State da Notre Dame suna tsallakowa suna ɗiba. Duk yaron da ka sa ido a kai sai ka tarar Toledo ko Miami ta Ohio ta riga ka kuma darajarta ta ɗara taka. A nan na fi daɗewa ina fama, kakata ta farko wasa huɗu na ci kuma wallahi har murna na yi.

Ya zawarcin yake aiki ne har ƙarami ke shan wuya haka?

A nan gizo ke saƙar. Kowane mako ana ba ka awoyi gwargwadon darajar makarantarka, manya suna samun wajen awa 1,000, kai na ƙasa ko rabin haka ba ka kai ba. Allonka yana ɗaukar yara 35, kuma a farko ba ka iya zuba wa yaro ɗaya fiye da awa 50 a mako. Leƙa shafinshi na sada zumunta awa 5, tura mishi saƙo 10, tuntuɓar 'yan'uwa da abokai 25, in kuma ka ce a tura gida gaba ɗaya 50 ke nan. Yi lissafi da kanka, in ka tura gida kan yara bakwai awoyinka sun kusa ƙarewa, Georgia kuma tana yin haka kan ashirin ba ta ji komai ba.

Sannan akwai maki 14 da ake ba makaranta daga A zuwa ƙasa, irin su tarihi, kayan atisaye, cikar fili, darajar rukuni, damar zuwa NFL wato babbar gasar ƙwararru, yawan fitowa a talabijin, ingancin karatu, kusanci da gida da damar buga wasa. Kowane yaro yana da abu uku da ya damu da su, ɗaya a ciki sharaɗi ne na dole, in makinka bai kai ba ko gaisawa ba za ku yi ba. Ƙaramar makaranta kusan komai nata C ne ko D, abu biyu kawai ke hannunka, damar buga wasa don ba ka da kowa, da kusanci da gida. Su za ka riƙe.

Abun da nake yi shi ne makon farko ba na taɓa masu tauraro huɗu da manya ke bi. Ina tace waɗanda ba wanda ya musu tayin gurbi, in kashe awoyi wajen bincike, duk wanda ya fito da koren lu'ulu'u, alamar ya fi yadda ake zato, in danne shi, mai ja in watsar ko da taurarinshi sun burge ni. Sai wajen mako na uku na huɗu in sake dubawa, sau da yawa za ka tarar da mai tauraro huɗu zaune ba mai nemanshi, kamar kayan da aka manta a tasha.

Na gina ƙungiya ta yi kyau, kawai sai yarana suka watse. Me ya faru?

Ƙofar sauya sheƙa ce ta cinye ka ɗan'uwa, ita ce babbar maƙiyiyar ƙaramar makaranta, ta fi Alabama ta fi Ohio State.

Bari in ba ka nawa. A Kent State na samu wani kwatabak, wato jagoran hari mai jefa ƙwallo, mai tauraro uku, koren lu'ulu'u, ba wanda ya neme shi. Na ajiye shi shekarar farko bai buga ba don kar shekararshi ta ƙone, ta biyu na sa shi, ta uku yaro ya zama wuta muka ci kofin MAC. Daren da na gama kakar, wajen ƙarfe ɗaya, inji na ta ƙara a waje mai gida na ta tari alamar in kashe, na danna zuwa makon sauya sheƙa sai ga sunanshi a saman jerin masu tafiya, dalili wai makin zuwa NFL na makarantar bai kai yadda yake so ba. Na lallashe shi gem ya ce bai yarda ba. Na ajiye fad na daɗe ina kallon silin. Kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi, ni na raine shi wata babbar makaranta ta je tana cin moriya.

Daga nan na koyi duba sharaɗin dole na yaro tun kafin in ɗauke shi. Wanda sharaɗinshi kusanci da gida ne zai zauna, don makaranta ba ta tashi daga inda take. Mai son damar wasa shi ma kana iya riƙe shi in ba ka ɗauko wani ka ɗora mishi a kai ba. Amma mai neman suna a talabijin ko darajar rukuni haya ka ɗauka. A na 26 abun ya ƙara tsanani don yaro in ya ƙware buƙatarshi ma tana hawa, abun da ya yarda da shi yana ɗan shekarar farko ba zai yarda da shi ba in ya zama tauraro. Ita ƙofar tana da amfani ta ɗaya gefen, waɗanda suka gaji da zaman benci a manyan makarantu suna faɗowa, kai kuma damar wasa ce hajarka.

Hawaii fa? Ai wuri ne mai kyau, yara ba sa so?

Kyau ba ya buga ƙwallo. Tsibiri ne wajen kilomita 4,000 daga Kalifoniya, duk yaron da ya damu da kusa da gida ka cire shi a lissafi in ba ɗan tsibirin ba ne, su kuma ba su da yawa kuma na kirkin manya ke kwashewa. A na 26 awoyin gayyato yaro ziyara sun danganta da nisanshi, toh kaga su komai nasu da tsada. Babban filinsu Aloha Stadium an rufe shi tun 2020, suna wasa a wani ƙaramin fili cikin makaranta. Amma fa akwai tarihi, a 2007 sun ci wasa 12 a jere suka je Sugar Bowl, ɗaya daga manyan wasannin bol na bayan kaka, Georgia ta dawo da su hayyacinsu da 41 da 10. In kana son jifa sama-sama ba gudu ba, za ka ji daɗinsu.

Su makarantun soja, Army da Navy da Air Force?

A zahiri su ne suka fi kowa ɗaure, yaro yana gamawa aikin soja ke jiranshi, ba kuɗin talla, kuma ba sa cike giɓi da 'yan sauya sheƙa kamar sauran. Gem ɗin bai ɗaure ka haka ba, wahalar tana wajen salon wasansu na zaɓi uku, inda kwatabak zai karanta mai tsaro cikin ƙiftawar ido ya miƙa ko ya riƙe ko ya wurga gefe. In ka iya shi kwamfuta ba ta da maganinka, in ba ka iya ba ƙwallo za ta yi ta zubewa a ƙasa. Kuma ba raunana ba ne, Army ta ci wasa 12 a 2024 har da kofin rukuninta. Wanda ya ɗauki Navy ya canza musu littafin wasa ya koma jifa ni dai ban san me yake bugawa ba.

ULM da New Mexico State?

Duk suna cikin jerin. ULM tana Luwiziyana, jiha mai yara amma LSU ce mai gari, ga Tulane da Louisiana da Louisiana Tech, ita ce auta wajen kaso, ga rukuninta Sun Belt ya fi MAC zafi. Wasan bol ɗaya tak ta taɓa zuwa a 2012, amma ta doke Alabama 21 da 14 a 2007 shekarar Saban ta farko, har gobe da shi suke taƙama. New Mexico State kuwa daga 1960 sai 2017 ta sake ganin bol. Sauƙinta ɗaya, tana dab da Teksas, ka miƙa hannu ka ɗiba.

Ba gara in ɗauki mai rauni a babban rukuni ba, kamar Vanderbilt?

Wahalar daban ce. Vanderbilt tana SEC don haka makin rukuni A ne, karatu A ne, zawarci ya fi na su Akron sauƙi nesa ba kusa ba. Inda za ka ji jiki filin wasa ne, kowane mako ƙato ne a gabanka, ka je Kyle Field na Texas A&M mutum sama da 100,000 suna ihu allo na rawa layukan da yaranka za su bi suna karkacewa alamomin maɓalli suna ɓacewa, kwatabak ɗinka ɗan shekarar farko ya rikice. Amma kana iya faɗuwa biyu ka shiga gasar ƙarshe. Ɗan MAC kuwa ya faɗi ɗaya sai addu'a. Ni na fi ganin wannan a matsayin matsakaiciyar wahala.

In na ci duk wasannina da ƙaramar ƙungiya, dole a saka ni cikin 12 ɗin?

Kusan haka, in ka ci rukuninka kuma ka fi sauran zakarun ƙananan rukunai matsayi. Shi ya sa jadawali ke da muhimmanci, kafin kaka ta fara ka sa babba ɗaya ko biyu cikin wasanninka na waje, wanda kake ganin za ka iya ba mamaki, kar ka cika da 'yan kanzagi ka gama 13 da babu kana lamba 20 wata Boise State ko Memphis ta haye ka.

Shiga ɗin ma da sauran rina a kaba. In ba ka samu hutun zagayen farko ba wasa huɗu ne a jere da manya, na farko a gidansu. Ga gajiya da ciwo da gem ɗin ke tarawa a jikin ɗan wasa, mai gudunka da ka ɗora wa ƙwallo sau 30 kowane mako zai iso Disamba a ragargaje. Manya in na ɗaya ya faɗi na biyu ma tauraro huɗu ne, kai na biyunka ko a atisaye ba ka son ganinshi. Inda ake cin ƙanana shi ne layin gaba, ƙattin nan biyar masu tare wa kwatabak da masu karo da su. Kowa yana rububin masu gudu, ni ma na yi, sai da Georgia ta kwantar min da kwatabak sau takwas a wasa ɗaya na gane in fara tara ƙatti.

A zahiri an taɓa yin irin haka ko a gem ne kawai?

Rabon da wata daga ƙaramin rukuni ta zama zakaran ƙasa tun BYU a 1984. An dai matsa kusa. Boise State ta doke Oklahoma 43 da 42 a Fiesta Bowl a farkon 2007, UCF ta gama 2017 ba a doke ta ba har ta naɗa wa kanta sarauta, Cincinnati ta shiga gasar 'yan huɗu a 2021 Alabama ta mata 27 da 6, Boise ta shiga ta 'yan 12 a 2024 Penn State ta fitar da ita 31 da 14.

Ni fa kaka uku na ɗau kofi da Akron, ina wahalar da kake faɗa?

A wane mataki? In Varsity ne ko Freshman malam ka yi shiru kawai. Matakan huɗu ne, All-American da Heisman su ne na magana. Kuma ko a Heisman wanda ya gano wasa biyu uku da kwamfuta ba ta iya tarewa ya yi ta maimaita su zai ci kofi da kowa, wannan ba gini ba ne.

Shi ya sa masu son abun da gaske ke kafa wa kansu doka. Nawa ga su: ba na neman yaron da ya fi darajar makarantata da sama da tauraro ɗaya, ba na fita jihata da maƙwabtanta sai na ci rukuni, 'yan sauya sheƙa biyar kawai a shekara, ba na maimaita wasa ɗaya fiye da sau uku a karawa, kuma in an ci ni an ci ni, ba kashe na'ura. Wannan ta ƙarshen ita ta fi wuya, ranar da aka ɗauke wuta ana cina da 17 sai da na yi ta muhawara da zuciyata ko in ɗauka a matsayin rabo. Na bar kwamfuta ta buga wasan, ta faɗi.

Zan iya matsar da ƙungiyata zuwa babban rukuni?

Eh gem ya yarda ka sake fasalin rukunai tsakanin kaka da kaka. Ni dokata sai na ci rukunina sau biyu a jere, kuma mataki-mataki, daga MAC zuwa rukunin American kafin a yi maganar Big Ten. Ɗaukar Kent State ka jefa SEC a shekarar farko yana gyara maka makin rukuni nan take, ka kashe rabin wahalar da hannunka.

Ba ni da PS5, tsohon NCAA 14 nake da shi a PS3, wa zan ɗauka?

Georgia State ko Idaho. Georgia State sabuwar shigowa ce a lokacin, a zahiri ma 2013 ba ta ci ko ɗaya cikin 12 ba, amma ita ma Atlanta ce don haka labarin Kennesaw ne. Idaho ce ta gaske, ba rukuni a shekarar, ba yara a yankin, ɗan rufaffen fili Kibbie Dome, daga baya ma a 2018 makarantar ta sauka mataki na ƙasa shi ya sa ba za ka gan ta a sababbin ba. Kuma ka tuna a can tsarin BCS ne, ƙungiya biyu kacal ke zuwa wasan ƙarshe, kana iya cin duk wasanninka kaka biyu a jere ka ƙare a lamba uku kana kallon Alabama da Oregon a allo.